Alhaji, Ajiye Butar Nan

Masu cewa shuka fure sai wanda ya ƙoshi, ya kuma haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gidansa, ku matso kusa, yau da ku nake. Hujjarku ba ta banza ba ce, na yarda. A garin da ake tare ɗan garuwa tun da asuba, a yi ta jan ciniki a kan jarka guda, duk wanda aka gani yana tsiyaya ruwa a gindin abin da ba a miya da shi, dole maƙwabta su fara tambayar iyalinsa ko lafiya yake. Sai dai hujjar taku a kan zato ɗaya ta dogara, wai kowane fure mashayin ruwa ne. Akwai wanda sam ba haka yake ba, kuma ba sai an yo odarsa daga Turai ba. A dajin ƙasar nan yake. Wasunku sun sha wuce shi a mota suna gyangyaɗi.

Ƙarya nake nufi. Na ga wasu sun fara murmushi. Ku riƙe karin maganar taku tukuna, za mu iso wurin.

Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma danginsu ɗaya da tumfafiya da kwankwanin da mafarauta ke haɗa dafin kibiya da shi. Ƙasarta tana da faɗi: daga Muritaniya da Senegal, ta ratsa Sahel ɗin nan namu har Sudan da Habasha da Somaliya, ta gangara Kenya da Tanzaniya, ta kuma tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman da Saudiyya da Oman. Amma faɗin ƙasa ba yawa ba ne. Ba za ka same ta a fadama ba, ba kuma a kowane daji ba. Wurin duwatsu take so, da tudu mai tsakuwa ko yashi, inda ruwan sama ba ya kwana. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba, sannan ka tarar da 'yan ƙalilan a gefen wani fa.

Lokacin ganinta shi ne tsakiyar rani, sa'ad da ciyawa ta zama ƙaiƙayi, shanu suka rame, sararin sama ya yi fari. Matsa kusa ka duba. Bawonta ruwan toka ne mai santsi. Gindin ya kumbura ya yi tumbi, daga nan gajerun rassa masu kauri suka miƙe, kusan duk babu ganye. A kan kowane reshe kuwa ga furanni a tattare, kowanne mai leɓe biyar, faɗinsa kamar santimita 5. Bakin leɓen ja ne mai haske, yana dusashewa zuwa fari-fari yayin da ya nufi maƙogwaron furen. Leƙa cikin maƙogwaron, za ka ga jajayen layuka, da wasu siraran zare biyar masu gashi sun leƙo waje. Ba wanda ya ba ta ko cokalin ruwa tun watan Oktoba.

Asirin a tumbin yake. Randarta ce, a jikinta take ɗauke da ita: da damina ta cika, da rani ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Ganye kuwa ta nan ne ruwa ke tsere wa tsiro, shi ya sa da iska ta bushe sai ta kakkaɓe su ta huta.

Ɗan'uwana Bakano ya riga ya ɗaga hannu. Ni Bazazzage ne, saboda haka ina da lasisin taɓa shi, kar kowa ya shiga tsakani. Tambayoyinsa biyu ne, kuma tun kaka da kakanni ba su canza ba: ana ci? Ana sayarwa? Ta farko, ko kusa, kada ma ka gwada. Ta biyu kuwa, Malam, in ka ji inda cinikin ya kai sai ka rasa barci, amma ka yi haƙuri sai na gama da maƙwabcinka.

Maƙwabcin nan shi ne Alhajin da ya fi kowa cewa fure ɓarnar ruwa ne. Ranka ya daɗe, na wuce ta ƙofar gidanka. Na ga koriyar ciyawar nan da aka shimfiɗa daga get har baranda, wadda ba tunkiya ke ci ba, ba yara ake bari su taka ba. Na ga mai gadi da tiyo a hannu safe da yamma, janareto yana kuka don famfo ya turo ruwa. Ko a Amurka, inda aka fi kowa son wannan ado, wasu sun gaji. A jihar Nebada, bayan da tafkin Mead da ke shayar da birnin Las Begas ya yi ta janyewa, an kafa doka a 2021 cewa kafin 2027 a kwashe ciyawar ado da ba a amfani da ita a gefen tituna da harabar ofisoshi. Tun kafin dokar ma hukumar ruwan yankin biyan masu gidaje take yi su tone ciyawa su dasa tsirran hamada. Masu dala suna tonewa, mu masu sayen jarka muna shimfiɗawa. Allah ya ƙara arziki, Alhaji, amma a bar zancen ɓarna.

To, ga karin maganar da kuke ta ƙoƙarin jefo mini: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Game da maƙaryaci, ban ja ba. Game da tsiron, an yi masa ƙazafi, kuma an daɗe ana yi.

Tana 'ya'ya. Ƙwanso ne dogo siriri, biyu-biyu suke fitowa manne a gindi, kowanne ya miƙe nasa gefen, wani ya kai tsawon taƙi. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Ran da ya bushe ya tsage, sai ka ga iri jere a ciki, kowace ƙwaya siririya mai tsawon kamar santimita 1, da tuntun gashi a kai da gindi. Iska na busowa, shi ke nan, sun tashi. Wanda ya zo da hantsi ya tarar da ɓawo.

Me ya sa kakanninmu ba su cika ganin haka ba? Su ba makafi ba ne, kuma abin da suka gani a gidajensu gaskiya ne. Dubi yadda ƙarya ke shiga gari: wata ta ga ta maƙwabciya ta yi kyau, ta roƙi reshe, ta dasa. Wata ta karya daga nata. Bayan shekaru, duk ƙaryar unguwar jiki ɗaya ce aka rarraba a gidaje. Ita kuwa galibi ba ta karɓar garin furen kanta. Sai an kawo mata na wata da ta tsiro daga iri daban. Ga kuma wahalar ginin furen. Wurin da garin ya kamata ya sauka a ɓoye yake can ciki, ƙarƙashin wani ɗan murfi mai tsini, sai ƙwaro mai dogon baki ke iya kaiwa. A daji, inda kowace da uwarta daban, ƙwarin kuma suna nan, ƙwanso ba abin mamaki ba ne. A tsakar gida kuwa sai ta shekara ashirin tana fure ba ɗa ko guda, mu kuma muka mai da rashin mijinta abin zambo. Masu renonta a yau da hannu suke yin aikin ƙwaron. Su tsaga gefen furen, su ɗebo garin da tsinken sakace ko siririn burushi, su kai wa furen wata. Wanda yake da ƙarya biyu da ba uwarsu ɗaya ba, ya gwada, sannan mu haɗu mu sake tattauna karin maganar.

Yanzu Bakano, kunnenka nawa?

A 1761 Sarkin Danmak ya tura mutum shida su binciko ƙasar Larabawa. A cikinsu akwai wani saurayi masanin tsirrai, Peter Forsskal, almajirin babban masanin nan Linnaeus. Shi ya rubuta bayanin wannan tsiro a Yaman. Zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim a 1763, yana ɗan shekara 31. A cikin su shidan, Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida da rai, kuma shi ya buga rubuce-rubucen abokin tafiyarsa a 1775. Daga nan sunan tsiron ya shiga littattafan Turawa, sannu a hankali shi kansa ya shiga tukwanensu.

Amma waɗanda suka mai da ita sana'a sosai mutanen Asiya ne, musamman Tailan da Taiwan da Indiya, ƙasashen da ba ta taɓa tsirowa da kanta ba. Sun yi ta haɗa wannan da waccan har suka fitar da mai ja wur, da fara sol, da mai ratsi-ratsi, da mai leɓe ninki biyu ko uku. Suna yi mata aure yadda muke yi wa mangwaro: a samu gindi mai ƙarfi da ya tsiro daga iri, a yanke kansa, a ɗora reshen mai kyan fure. Akwai gonaki da ba abin da suke nomawa sai ita, ana cika kwali ana turawa ƙasashen duniya, ana gasar wadda ta fi kyan tumbi. A Arizona ta Amurka ma wani masani, Mark Dimmitt, ya shafe shekaru yana haɗa irinta, kuma cikin waɗanda ya fitar akwai wata sananniya mai suna Crimson Star. Sai ga shi yau Hajiya ta tsaya wurin masu sayar da fure a bakin titi, an nuna mata ita a fentacciyar tukunya, an faɗi sunanta da Turanci, ta biya ba ko tayi. Hajiya, da a ce ƙarya aka ce miki, da kin ce a kai wa mutanen ƙauye.

Ba laifin Hajiya ba ne ita kaɗai, halinmu ne. Darbejiyar da muke rantsuwa tamu ce, daga Indiya take, kuma sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Itacen turare daga Ostareliya aka kawo shi. Mun karɓi baƙi hannu bibbiyu, madalla, sun kuma yi mana rana. 'Yar gida ce dai sai da ta je Bankok ta yi aure ta dawo muka tashi muka ba ta kujera.

Wani zai ce, to mun ji, mun saya, ta mutu. Na sani. Na kuma san wanda ya kashe ta, yana nan cikin masu karatu, da butarsa a hannu.

Ƙarya ba ta cika mutuwa da ƙishi ba. Kirki ne ke kashe ta. Mutum ya kawo ta gida, ya cusa ta a baƙar laka cikin bokitin fenti marar huji, ya ajiye a inuwar zaure don kada rana ta dame ta. Maigida ya yi alwala, ya juye mata sauran. Uwargida ta wanke shinkafa, ta tuna da ita. Yara su ma a ba su lada. Kafin wata guda gindin ya ruɓe, sai a ce ai dama an faɗa, fure ba ya yi a ƙasar nan. Alhaji, ajiye butar nan. Abin da ta roƙe ka ke nan.

Ga yadda ake yi, ga mai son ji. Nemi tukunyar ƙasa, ko tsohon tulun da ya tsage aka jingine a bayan ɗaki, ka huda gindin sosai. Ƙasar da za ka zuba, yashin rafi mai tsakuwa ya fi yawa, kamar kashi biyu, sai kashi ɗaya na ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka barbaɗa gutsattsarin gawayi. Gwajin mai sauƙi ne: zuba ruwa, in bai fito ta ƙasa nan take ba, ƙara yashi. Ajiye ta inda rana ta fi zafi a gidan, wurin nan da ko kaza ba ta tsayawa da azahar. A inuwa rassan sukan yi tsawo su yi laushi, furen kuma ya ƙi zuwa. In a ƙasa za ka dasa, tara tudun tsakuwa da yashi ka ɗora ta a kai, nesa da bakin kwata da inda indararo ke zuba.

Ban ce kada a ba ta ruwa sam ba, kar a je a yi mini sharri. Da bazara, lokacin da take fitar da sabon ganye, tana sha, kuma ta tukunya za ta so a jiƙa ta sosai kamar sau ɗaya a mako. Sharaɗin shi ne ka tura yatsa cikin ƙasar tukuna; in da sauran danshi, koma ka zauna. Da hunturu, ganye ya zube, dare ya yi sanyi, kusan a manta da ita ya fi, don sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa su ne ajalinta. Mutanen Jos su ninka wannan gargaɗin. Wadda ta kafu a ƙasa kuwa, bayan shekarar farko ruwan sama ya ishe ta. Watan da za ka sa ido shi ne Agusta, sa'ad da ake kwana ana ruwa. In tukunya ce, ɗora ta a kan bulo don ta tsane.

Ka riƙa matsa tumbin da babban yatsa lokaci-lokaci. Mai lafiya tauri gare shi. In ya ɗan yamutse ko'ina daidai, ƙishi ne, ba ta ruwa, cikin 'yan kwanaki zai cika. In kuwa wuri guda ne ya yi taushi, ya yi duhu, yatsa yana nutsewa, ruɓa ce. Tumɓuke ta, sa wuƙa mai tsabta ka yanke duk inda ya ɓaci har ka kai farin nama, ka bar ta a inuwa mako guda ciwon ya bushe, sannan ka mayar a busasshen yashi. Sau da yawa takan tashi. Darɓa mai ruwan ɗorawa, irin wadda ke taruwa a kan tumfafiya, ita ma takan zo kan tohon. Ruwan sabulu kaɗan ya isa.

Reshe ko iri? Reshe ya fi sauri. Ka yanka, ka bar shi kwana uku ko huɗu bakin ya bushe, ka soka a yashi. Zai yi fure, amma zai daɗe bai yi tumbin kirki ba. Mai son tumbi sai ya bi ta iri. Da ka ga ƙwanso ya fara canza launi, naɗe shi da zare don kada ya tsage a bayan idonka. Cire gashin, kwantar da ƙwayoyin a kan yashi mai danshi, rufe su sama-sama. Sabon iri cikin mako guda ko kwana goma yake tsirowa, amma in ya yi watanni a aljihu ƙarfinsa raguwa yake, saboda haka ba abin ajiya ba ne. Ɗan tsiron tun yana da ganye huɗu za ka ga gindinsa ya fara kumbura, abin dariya, jariri da tumbi. A wannan matakin kaɗai ne ba a barin ƙasar ta bushe ƙaƙas. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu zai yi furen farko. Duk sa'ad da za ka canza tukunya, ɗaga shi sama kaɗan don kaurin da ke binne ya fito fili. Haka masu gasar Tailan ke yi.

Akwai mai shakka guda da ba zan zolaya ba, ita ce uwar da ta ce ta ji abin dafi ne. Gaskiyarki, Hajiya. Ruwan jikinta yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, kuma a sassa da dama na Afirka an yi amfani da shi a dafin kibiya da kashe kifi. Bayan yanka a wanke hannu da wuƙa, kada ruwan ya shiga ido, kada a ajiye ta inda mai rarrafe zai kai. Akuya takan shinshina ta wuce, wanda hakan ma wata falala ce a garin da akuya ba ta bar wa kowa dashe ba, amma kada a ɗaure ragon layya kusa da ita a ce ai yana da hankali. Ku kuma masu cewa duk abin da ke da ɗaci magani ne, a jiƙa a sha, wannan ba sabara ba ce. Ku bar ta a tukunya.

Saura masu gatari da buhu, waɗanda tun da na ambaci Tailan suka fara tunanin wane dutse suka taɓa ganinta. Ku dakata. Babbar ƙaryar da ke gefen fa, mai tumbin da hannu biyu ba sa zagayewa, ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, wataƙila ta girmi mai gatarin. In an tono ta, saiwar takan ji ciwo, ruɓa ta shiga, a yi biyu babu. An ga irin wannan a kudancin Afirka. 'Yar'uwarta Adenium swazicum, ta ƙasar Eswatini da maƙwabtanta, ta shiga jerin tsirran da ake fargabar ɓacewarsu, saboda gonakin rake sun cinye mazauninta, masu tono don magani da ado kuma suka bi sauran. Tamu ba ta kai nan ba, amma da gona ke cin daji, masu fasa dutse ke cin fa, ba sai mun ƙara da namu ba. Kuma na dajin su ne masu iri daban-daban da za su sa na gida su haihu. Ɗauki ƙwanso ɗaya, ka bar uwar a inda ka same ta. A ƙwanso guda akwai ƙwayoyi da dama, sun ishe ka har ka ba maƙwabta.

Bakano, na ga ka fito da kalkuleta. Lissafin ba wuya: iri kyauta, yashi kyauta, rana kyauta, ruwa ɗan kaɗan, fasassun tukwane kuwa har godiya za a yi maka in ka kwashe. Jarin da ake nema shi ne haƙurin shekara biyu, kuma nan ne nake jin tsoron za a samu matsala. In ka daure har ka kafa rumfa, ka tuna Bazazzage ne ya ba ka labari, kuma la'adata kashi goma ce.